Ziyara zuwa haikalin Buddha na ƙauye: darasi ga majami'unmu

Gabatarwa

A yawancin ƙauyukanmu ana buɗe majami'a da safiyar Lahadi. Wataƙila a sake buɗe ta ranar addu'a ta tsakiyar mako, ko ranar da zumuntar mata ke taro. Sauran kwanaki kuwa kwaɗo ne a ƙofa, awaki na kwance a inuwar bango. Alhali sau da yawa wannan gini shi ne ɗaki mafi girma da muke da shi. Mu muka buga tubalinsa, mu muka haɗa kuɗin kwanon rufinsa.

A ƙasar Isa da Sabon Birni mutane sun sha neman wurin fakewa. A watan Satumba na 2010 ruwa ya cika gulbin Rima, ya cinye gonaki da gidaje a gabashin jihar Sakkwato. Daga 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga sun raba dubban mutane da ƙauyukansu. Wasu sun shigo cikin garin Isa da Sabon Birni, wasu sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maradi. Mun san mu Kirista kaɗan ne a wannan yanki. Duk da haka tambayar tana gabanmu: ginin da muke sujada a ciki, me zai yi wa gari daga Litinin zuwa Asabar?

Don mu sami amsa, za mu yi tafiya mai nisa cikin tunani, zuwa wani ƙauyen manoma a ƙasar Tailan, can gabashin duniya. Tafiya mabuɗin ilimi ce.

Ya dace mu duba wurin ibadar wasu?

Wani zai ce, “Ina ruwanmu da haikalin da ke da gumaka a ciki?” Mu tuna da manzo Bulus a birnin Atina. Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna mana cewa ya zaga birnin, ya duba wuraren ibadarsu da kyau, har ya karanta abin da ke rubuce a kan wani bagade. Bai yi sujada a can ba, bai kuma zagi kowa ba. Abin da ya gani shi ya buɗe masa hanyar magana da su. Mu ma za mu shiga a matsayin baƙi masu ladabi, mu duba, mu dawo gida da bangaskiyarmu.

Su wane ne mabiya Buddha?

Addinin ya samo asali daga wani ɗan sarauta mai suna Siddhartha Gautama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, shekaru sama da 2,400 da suka wuce. Ya koyar cewa kwaɗayi da son zuciya su ne tushen wahalar ɗan Adam. Ana koya wa kowane mabiyi ya kiyaye abu biyar: kada ya yi kisa, ko sata, ko zina, ko ƙarya, kada kuma ya sha abin maye. Sun gaskata ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu, kuma aikin kirki yana tara masa lada. Ba sa koyar da Allah Mahalicci kamar yadda muka san shi. A nan muka bambanta ƙwarai, gama mu mun gaskata ceto kyauta ce ta wurin Yesu Almasihu.

A Tailan, cikin mutum goma, sama da tara mabiya Buddha ne. Ƙasar tana da haikalai sama da 40,000. Suna kiran haikali *wat*, kuma da wuya ka sami babban ƙauye da ba shi da nasa.

Mun iso ƙauyen

Mu ce mun sauka a lardin Surin, a arewa maso gabashin ƙasar, kusa da iyakar Kambodiya. Yanki ne na talakawa masu noman shinkafa, waɗanda suka dogara ga ruwan sama kamar mu.

Da asuba muna jin ƙararrawa. Gari na wayewa sai ga sufaye, wato mutanen da suka keɓe kansu don addini, sun fito a jere. Kansu a aske, ƙafa ba takalmi, sun yafa mayafi ruwan goro, kowa riƙe da kwanonsa. Mata suna jira a ƙofar gida, kowace ta zuba ɗan curin shinkafa. Wannan zai tuna mana da almajiran makarantar allo, sai dai su sufaye ba sa kiran bara, shiru suke tafiya. Abin da aka ba su shi za su ci, kuma ba sa cin abinci bayan rana ta yi tsaka. Abin da ya ragu, yaran da ke zaune a haikali da marasa galihu ne ke ci.

Muna shiga harabar za mu ga ba gini ɗaya ba ne. Akwai ɗakin ibada, akwai ƙananan ɗakunan kwanan sufaye, akwai wurin ƙona gawa, domin haka suke jana'iza. Akwai manyan itatuwa da ba a sarewa, da tankuna ko manyan randuna na tara ruwan sama. Sai kuma wata babbar rumfa mai rufi wadda ba ta da bango sosai, ana kiranta *sala*. Ita ce zauren gari.

Baƙo yana kiyaye ladabin wurin. Yana tuɓe takalmi kafin ya shiga ɗaki. Yana sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa. In ya zauna ba ya miƙe ƙafa wajen mutane ko wajen siffar Buddha. Mace ba ta taɓa sufi. Kirista ba sai ya rusuna wa siffa ba. Ya isa ya gaisa, ya zauna a natse.

Abin da haikali ke yi wa gari

In muka yini a rumfar, ga abin da za mu gani:

- Taro. Nan ake taron gari, nan jami'an lafiya kan zauna don allurar rigakafi, sau da yawa nan ake jefa ƙuri'a.
- Karatu. Kafin dokar tilasta karatun firamare ta 1921, a haikali yara maza ke koyon karatu da rubutu. Har yau makarantun gwamnati da yawa suna kan filin haikali, suna amsa sunansa.
- Tarbiyya. Da damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, sufaye suna zama wuri ɗaya har wata uku. Samari kan shiga su zauna tare da su na ɗan lokaci, sa'an nan su koma gida.
- Masauki. Matafiyin da dare ya yi masa yana iya kwana a rumfar. Yaron da iyayensa ba su da hali yana iya zama, ya yi aikace-aikace, ya je makaranta.
- Aron kaya. Tukwane, kwanoni, tabarmi da kujeru na haikali ne, amma duk mai biki ko makoki yana ara ya mayar.
- Sulhu. Ma'aurata da maƙwabtan da suka saɓa sukan kai maganarsu gaban babban sufi.

Mu lura da abu ɗaya. Ba wata ƙungiya daga waje ke riƙe da wannan wuri ba. Curin shinkafar nan na kowace safiya shi ke riƙe da shi. Gari yana ciyar da haikali, haikali kuma yana mayar wa gari.

Rumbun shinkafa da asusun gaskiya

A wannan lardi na Surin akwai ƙauyen Tha Sawang. Haikalinsa shi ne Wat Samakkhi, babban sufinsa kuwa a shekarun 1970 da 1980 ana kiransa Luang Pho Nan. Manoman ƙauyen sun nutse cikin bashi. Shinkafarsu takan ƙare kafin sabuwa ta nuna, sai su ci bashi wurin 'yan kasuwa da ruwa mai yawa. Da kaka mai bashi ya kwashe amfanin, shekara ta zagayo a koma gidan jiya. Caca da shan giya suka ƙara dagula al'amarin.

Mutanen suna da al'adar kawo kyauta haikali don neman lada. Sufin bai ƙirƙiro sabon abu ba, al'adar nan ya juya. Ya ce a kawo shinkafa a tara a rumbu ɗaya. Wanda abincinsa ya ƙare ya ara, bayan girbi ya mayar da ɗan ƙari kaɗan, ƙasa ƙwarai da abin da 'yan kasuwa ke karɓa. Aka yi irin wannan tsari don takin zamani. Aka kuma ware gona ana noma ta da gayya, amfaninta ya shiga rumbun. Ya haɗa duk wannan da koyarwa a kan barin caca da giya, domin ya gane rumbu ba ya tsayawa in halin mutane bai tsaya ba.

A lardin Trat, a gabashin ƙasar, wani sufi mai suna Phra Subin Panito ya fara ƙungiyoyin ajiyar kuɗi wajen 1990. Sun yi kama da adashi. Kowane wata mutane suna taruwa a haikali, kowa ya zuba abin da ya yi alkawari. Ana ba mabukata rance, wani kaso na ribar kuma yana shiga asusun taimakon marasa lafiya da masu makoki. Sunan ƙungiyoyin ya fara da kalmar *sajja*, ma'anarta gaskiya ko cika alkawari. Kwamitin mutanen ƙauye ne ke riƙe da kuɗi da littafi.

Kada mu ɗauka sai mabiya Buddha ke iya wannan. A jihar Mizoram ta ƙasar Indiya, tun wajen 1910 matan ikilisiya suke ware tafin hannu ɗaya na shinkafa duk lokacin da za su ɗora tukunya. Ana tarawa a kai majami'a, a sayar, kuɗin ya yi aikin ikilisiya. Sun fi shekara 100 suna yin haka.

Ranar masifa

Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ta tayar da igiyar ruwa wadda ta kashe mutane sama da 220,000 a ƙasashe da dama. A Tailan kaɗai sama da 5,000 suka mutu. A lardin Phang Nga, inda ɓarnar ta fi yawa, mutane sun gudu zuwa haikalai. Wasu haikalan suka zama sansanin waɗanda suka rasa gidaje. Wat Yan Yao, a gundumar Takua Pa, nan aka tara gawawwaki, na 'yan ƙasa da na baƙi masu addinai dabam dabam, har danginsu su zo su gane su.

A watan Mayu na 2008 guguwar Nargis ta faɗa wa maƙwabciyarsu Myanmar, wadda aka fi sani da Bama. Mutane wajen 138,000 suka mutu ko suka ɓace. Gwamnatin soja ta yi jinkirin barin taimakon waje ya shiga. A makonnin farko, gidajen sufaye na cikin wuraren da suka karɓi mutane suka ciyar da su.

Me ya sa mutane suka nufi can ba tare da an ce su je ba? Domin sun saba da hanyar. Ƙofar da take buɗe kowace rana, ita mutum ke tunawa ranar gudu.

Inda ake tuntuɓe

Ba komai ne mai kyau ba, kuma wannan ma darasi ne. Inda kyauta ke taruwa, jaraba tana nan. A watan Agusta na 2025 'yan sanda sun kama shugaban wani sanannen haikali a lardin Lopburi, wanda ya yi suna tun 1992 wajen kula da masu cutar ƙanjamau, bisa zargin karkatar da kuɗin taimako. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wurin ibada yana iya zama wurin hura wutar ƙiyayya kuma. A Myanmar wasu sufaye sun yi shekaru suna wa'azin ƙin Musulmi. A 2017 Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh saboda farmakin soja. Mu a arewacin Nijeriya ba sai an gaya mana abin da mugun wa'azi ke jawowa ba, ko daga wane bagade ya fito.

Mu dawo gida

Bashin da ya danne manoman Tha Sawang ba baƙo ba ne a ƙasar Gobir. Muna sayar da gero da araha da kaka, mu sayo shi da tsada a watan Yuli da Agusta, lokacin da aikin gona ya fi yawa kuma rumbu ya yi ƙasa. Rumbun tsimi ma ba sabon abu ba ne. 'Yan'uwanmu na jihar Maradi sun san shi sosai, musamman bayan yunwar 2005.

Ba ma sai mun je Tailan ba kafin mu ga wurin ibada yana yi wa gari hidima. Maƙwabtanmu Musulmi suna buɗe masallaci sau biyar a rana. Baƙo yana sauka a can ko a zauren malam. A ƙofarsa ake ɗaurin aure, ake sanarwa, ake sasanta rigima. Da kaka manomi yana fitar da zakkar hatsi a ba mabukata. Yaushe rabon dattawan ikilisiyarmu su je gaida liman, su tambaye shi yadda suke kula da 'yan gudun hijirar da suka sauka wurinsu?

Matakan da za mu iya ɗauka

1. Mu fara da abin da muka saba. Muna da baikon godiya na kaka. Ikilisiya ta amince a ware wani kaso na hatsin, kada a sayar, a ajiye don rance da damina. Zumuntar mata tana iya ƙarawa da tafin hannu na hatsi kowace rana.
2. Mu zaɓi kwamiti. A sa maza da mata. Kada fasto ko mai bishara ya riƙe makulli ko kuɗi shi kaɗai. Wannan kariya ce gare shi.
3. Mu rubuta komai. Mudu nawa ya shigo, wa ya ara, yaushe zai mayar. A karanta lissafin a gaban jama'a a kan kari.
4. Mu sa doka tun farko. Nawa ne ƙarin da za a mayar? Yaya za a yi da gwauruwa ko wanda aka kora daga gonarsa, wanda ba zai iya biya ba? A ware kaso na kyauta dabam da na rance.
5. Mu kula da tsaro. 'Yan bindiga suna kwashe hatsi, suna ƙone rumbuna. Kada a tara komai wuri ɗaya, kada kuma a yi ta shela. A raba gida biyu ko uku, ko a ajiye wani kaso a gari mafi tsaro.
6. Mu adana da kyau. A busar da hatsi sarai. Wake a sa shi a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.
7. Mu shirya karɓar baƙi. Ina za a sami ruwa? Akwai bayan gida? Mata da yara su kwana a ciki, maza a rumfa. A rubuta sunan kowa da garinsu, a sanar da mai gari.
8. Mu buɗe ƙofa a ranakun aiki. Ajin yaƙi da jahilci, karatun yaran da makarantarsu ta rufe, wurin zaman masu allurar rigakafi, duk suna bukatar inuwa da benci.
9. Kada mu tambayi addinin mai jin yunwa. Kada kuma mu sa sharaɗin zuwa sujada kafin a ba mutum mudu ɗaya.

Ƙaramar ikilisiya ba za ta iya duka a shekara ɗaya ba. Ta zaɓi ɗaya ko biyu ta fara. In abin ya fi ƙarfinta, ta haɗa kai da wata, ko da mutanen unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nazari da tattaunawa

A kasu ƙungiyoyi na mutum biyar ko shida. A tabbata mata da matasa sun sami bakin magana.

*Karanta Ayyukan Manzanni 17:16-34.*
- Me Bulus ya yi kafin ya buɗe baki? Yaya ya yi wa mutanen Atina magana?
- Mene ne bambanci tsakanin girmama mutum da yin sujada tare da shi?

*Karanta Farawa 41:33-57.*
- A wane lokaci Yusufu ya tara hatsi? Su wa suka amfana da shi?
- A wane wata abinci ke ƙarewa a gidajenmu? Wurin wa muke cin bashi, kuma nawa muke mayarwa?

*Karanta 2 Korintiyawa 8:16-24.*
- Me ya sa Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar shi kaɗai ba?
- Wa ya san lissafin baikon ikilisiyarmu? Yaushe aka karanta shi a fili?

*Mu duba kanmu.*
- Kwana nawa a mako majami'armu take buɗe?
- In aka kori ƙauyen da ke kusa da mu yau da dare, za su tuna da ƙofarmu? In ba za su tuna ba, me ya sa?
- Wane mataki ɗaya za mu ɗauka kafin kaka mai zuwa? Wa zai ɗauki nauyinsa?

A rufe da addu'a domin waɗanda aka kora daga ƙauyukansu a Isa da Sabon Birni, da waɗanda suka ba su masauki, Musulmi da Kirista. A sa ranar da dattawa za su kawo wa ikilisiya rahoton abin da aka yanke.